Takardar Siminti Kafin Shadda

Zuru,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga autata Sa'adatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin masu tare hanya, ya sa kin shiga sabon wurin da ƙafar dama. Na cusa ta ne tsakanin ƙullin daddawa da na kuka, don na san halinki: ko ba ki buɗe jakar littattafai ba, ta kayan miya kam a ranar za ki buɗe ta. Idan ta ɗauki wari ki yi haƙuri, warin gida ne.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ga shi uwarki tana fafewa. Shekaranjiya muna tsakar gida kina ninke kaya, kika nuna mini takardar darasin da makarantar da ta ɗauke ki aiki ta ba ki. Kika ce za ki koya wa ɗalibai yadda mai zane yake tsara abu kafin a yi shi, da yadda maƙeri ko mai haɗa manhajar waya yake gina nasa, da yadda marubuci yake bi har ya kammala rubutu, su fahimci kowanne, su kuma gwada su da juna. Kika ce, "Inna, ke da kinka kwashe shekaru kina koyar da insha'i, ta ina zan faro?" Na ce miki, "Ke ta mai digiri, ni mi nis sani?" Na tashi na shiga madafa kamar na bar wani abu yana ƙonewa. Babu komai a kan wuta. Amsar ce ta yi mini nauyi, domin ba zan iya ba ki ita ba sai na taɓo maganar yayanki.

Kin san yana nan Kaduna, kin kuma san rabonsa da kwana a gidan nan tun kina firamare. Ranar da muka rasa babanku ya zo, aka yi jana'iza da shi, ya zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida tare da maza, ya kwana wurin abokinsa, ya koma. Duk Juma'a yana kirana a waya, bai taɓa fashi ba. Zai ce, "Malama, ina wuni? Ya jiki? Allah shi ƙara sauƙi." In ce amin, in tambayi iyalinsa, ya ce lafiya lau, mu ajiye. Kin sha yi mini tsiya a kan wannan Malamar da yake ce mini, kina zaton wasa ne irin na cikin gida. Ba wasa ba ne. Da can Inna yake cewa kamar ku. Kina wurin likita ya faɗi abin da ya faɗa a kan ƙodar nan tawa, kuma kin ga ban ɗaga hankalina ba, mutuwa rigar kowa ce. Abin da nake tsoro shi ne in tafi yana kirana Malama. To, ki gyara zama. Zan ba ki amsar tambayarki da kura-kuraina, don su kaɗai na mallaka waɗanda babu su a littattafanki.

Ni malama ce da ta tsani soke-soke. A ajina, shafin da aka soke kalma ko ɗaya a cikinsa ba ya kwana. Sai in ɗaga littafin kowa ya gani, in yage shafin, in ce a sake. Har suna yara suka sa mini a bayan ido, wai Malama A-Sake, sunan kuma ya dawo kunnena na ji daɗinsa. A tunanina na lokacin, wanda shafinsa ya yi tsabta shi ne kansa ya yi tsabta.

Akwai wata yarinya daga Kanya, Ladi, wadda C'lela ne harshen gidansu. Da shi take tunani, sannan ta juyo maganar zuwa Hausa, don haka kowace jimla sai ta gwada kalma ta soke, ta gwada wata, kafin ta sami wadda ta zauna. A farkon zango ta rubuta mini yadda kakarta take ginin tukunya. Shafin kamar kaji sun yi tono a kai. Ban ko karanta ba na yage. Sai bayan an tashi, ina tattara tarkacen, idona ya faɗa kan wani guntu inda ta ce kakarta tana ƙwanƙwasa tukunya da yatsa, ta kara kunne kamar mai jiran a amsa mata sallama. A saman wannan layin akwai wasu da ta soke kafin ta kai gare shi, kowanne ya ɗan fi wanda ya gabace shi. Na tsaya na karanta, na ji daɗinsa har raina, na zuba a kwandon shara na tafi gida. Kafin shekara ta ƙare littafin Ladi ya fi na kowa tsabta. Tana rubuta mini, "Garinmu yana da kyau. Mutanen garinmu manoma ne." Babu soki ko ɗaya, babu kuma komai a ciki. Na ba ta maki mai yawa, na nuna wa aji littafinta a matsayin abin koyi.

Don haka, Auta, abin da za ki fara nema a hannun ɗalibinki ba kammalallen aiki ba ne. Ki ce ya kawo miki rubutun da ya soke, da zanen da ya fasa, da manhajar da ta ƙi tashi. Ki ja kujera kusa da shi ki tambaye shi me ya sa ya bar wannan ya koma wancan. A cikin amsar da zai ba ki karatun yake, kuma a nan ne za ki gane wanda ya yi da kansa da wanda ya kwafo. Ki ware wa wannan wahalar makinta, ki gaya musu tun ranar farko cewa kin ware. Yaron da ya san za a yage masa shafi ba kuskure yake dainawa ba, gwadawa yake dainawa, kuma ni na ga haka da idona a kan Ladi.

Abin da ya fi ba ni haushin kaina shi ne ba rashin sani ya sa ni ba. Kin tashi kin tarar da keken ɗinkina a rumfa. Tun ina budurwa a gidan gwaggona a Mahuta aka koya mini cewa ba a sa almakashi a shaddar mutane sai an gwada a takardar buhun siminti. Duk sabon yayin da aka kawo mini, sai in aiki ɗayanku wurin magina ya tsinto mini buhu, in kakkaɓe shi, in shimfiɗa, in zana da alli, in yanka, in harhaɗa da fil, in ɗora a jikin mai kayan. Sau da yawa hannun ya matse, ko wuyan ya zurma, ko gaban ya fi bayan tsawo. In yaga in ɗauko wani, ko a jikina, ai takarda ce. Da yamma ina ɓata buhu bayan buhu ina 'yar waƙata, da safe in shiga aji in yage wa ɗan mutane littafi don ya soke kalma. Ban taɓa haɗa biyun a kaina ba. Ɗinki na gida ne, karatu na makaranta, haka na raba su har na yi ritaya.

Haka nan jawabin bikin yaye ɗalibai, wanda shugabar makaranta take ɗora mini rubutawa kowace shekara. A karanta, a yi ta cewa Malama Hajara alƙalaminta ba ya tuntuɓe. Ba su san da ɓatattun takardun jawabin nake hura wutar koko kwana da kwanaki ba, kuma da gangan nake ƙonawa don kada wani ya gani. Ɗalibaina suka tashi suna zaton rubutu saukar wa wasu yake yi a kammale, su kuwa Allah bai ba su ba. Ni na dasa musu wannan ƙaryar, ba tare da na buɗe baki na faɗe ta ba.

Ke kada ki ɓoye naki. Ki tsaya gaban allo ki fara sakin layi ba tare da kin shirya shi a gida ba, ki rubuta, ki tsaya, ki soke suna kallo, ki ce musu wannan bai yi ba kuma ga dalili. Girmanki ba zai zube ba, in ma ya ɗan zube ki bar shi, za ki tsince shi a gaba. Sannan wata rana ki nemi buhun siminti ki shiga da shi aji. Na san 'yan birni ne, za su yi miki dariya, su ce ga baƙauyar Zuru. Ki bar su su gama, ki raba musu almakashi su yanka riga, ki ɗora wa ɗayansu a jiki kowa ya ga inda ta matse. Daga nan ki ce su ɗauko rubutunsu na jiya, kowa ya nuna miki inda hannun nasa ya matse. Za su fi ganewa fiye da in kin cika musu allo da bayani.

Amma kada daɗin kwatance ya ɗebe ki ki ce musu duk abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma wannan ma da asara na koye shi. Babanku, Allah ya jiƙansa, shi yake gina rumbunmu da hannunsa a gonarmu ta hanyar Dirin Daji. Rumbu ba shi da takardar gwaji. Laka ake ɗorawa zagaye ɗaya, a tafi a bar ta ta sha iska, a dawo a ɗora wani. Wata shekara dawa ta nuna rumbu bai kai ko rabi ba, na tsorata kada ta lalace a ƙasa, na matsa masa ya riƙa ɗorawa ba jira. Ya ce, "Hajara, laka ba ta san sauri ba." Na yi ta mita, kin san bakina, har ya gaji ya bi tawa. Rumbun ya tashi gwanin sha'awa, masu wucewa suna yabawa. Sai da aka zuba masa dawa ya tsage tun daga gindi. Babanku ya juya ya tafi aron buhuna.

Kin ga abin da ake ginawa ba ya nuna aibinsa sai an ɗora masa nauyi. Manhajar nan taku kin fi ni saninta, amma yadda nake ganinki kina gyara ta kullum bayan mutane sun fara aiki da ita suna kawo miki ƙorafi, na ga ta fi kusa da rumbun babanku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba maginin ba. Rubutu kuwa ya fi su sauƙin hali: kina iya farawa daga ƙarshe, ki dawo farko, ki rushe tsakiya, babu abin da zai faɗo wa kowa a ka. Sai dai shi kuma ba ya tsagewa ki ji ƙara. In ya ɓaci shiru yake yi, sai kin miƙa wa wani ya karanta kina kallon fuskarsa. Ɗinki shi ne mara yafiya a cikinsu, duk gwajinsa a gaba yake, da zarar almakashi ya shiga shadda magana ta ƙare. Ki koya musu su riƙa tambayar kowane aiki a ina ake gwada shi, me ake asara in an kuskure, wa kuma zai gaya wa mai shi cewa ya ɓaci. In sun iya wannan tambayar, ko wace sana'a suka faɗa ba za su ɓata ba.

Na yi ta kewaye-kewaye, ke ma kin gani. Bari in zo inda nake gudu.

Yayanki ɗan fari ne, kin kuma san abin da ake nema a wurin uwa game da ɗan fari a gidajenmu. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a yabonsa, in an yabe shi ma a gabanki sai ki kau da kai. Kara ke nan, da ita aka raine ni, da ita kuma na yi taƙama. Tun da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa furta shi ba. "Kai" nake cewa, ko "wannan yaron". Kakarku ta wurin uba tana yabona a cikin dangi, tana cewa surukarta ta san kunya. Wannan kaɗai ba laifi ba ne, iyaye mata da yawa sun yi kara kuma 'ya'yansu sun san ana son su, domin akwai hanyar nunawa a ɓoye. Ni sai Allah ya kawo shi ajina, na haɗa kara da tsoron kada a ce Malama tana fifita ɗanta. Abin da wani zai yi in yi masa faɗa, shi in ya yi sai bulala.

A shekararsa ta kusa da ƙarshe makaranta ta shirya baje kolin fasaha. Kowane ɗalibi ya ƙera wani abu, ya kuma rubuta bayanin yadda ya yi shi, ni kuma aka sa ni cikin masu duba rubutun. Yayanki ya ce injin ɓare gyaɗa zai yi. Ba sai an gaya mini dalili ba. Duk kaka yana ganina ni da yayyenki mata muna ɓare gyaɗa a tabarma har fatar yatsunmu ta saɓule, in kasa riƙe allura washegari. Ya samo rabin tsohuwar ganga, da feda da sarƙar keke, da ragar ƙarfe, ya tare a bayan gida yana ƙwanƙwasa har cikin azumi. Ina jin ƙarar daga rumfa. Ban taɓa zagayawa na leƙa ba.

Ranar bikin iyaye sun cika fili, ga baƙi daga ofishin ilimi. Aka zo kan teburinsa, ya zuba gyaɗa, ya murza feda. Abin da ya fito ta ƙasa dagargaje ne, ɓawo da ƙwaya sun haɗe kamar za a yi ƙuli-ƙuli. Fili ya ɗauki dariya. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gangar, ya sa yatsa ya taɓa, ya ɗago da fuskarsa a sake, ya nemo ni da ido a cikin alƙalai. Ya ce, "Inna, na gane. Ragar ga ta matse da yawa, shi yas sa take murƙushewa. Wanga na hwarko na, in na samo mai manyan idanu za ki gani."

Sa'adatu, har yau ina ganin fuskar nan. Fuskar mutum ce da ya tsinci abin da ya daɗe yana nema, kuma ni ya fara kawo wa. Amma ni abin da na ji kawai shi ne ɗan farina ya kira ni Inna a gaban jama'a, yana tsaye kan abin da ake yi wa dariya, kuma duk idanu sun juyo kaina. Na ce masa da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Nan babu Inna, Malama ta. Kuma ba a kawo ma mutane na hwarko." Na ɗauki bayanin da ya rubuta. Shafukan cike suke da zane-zanen injin, wannan ya soke, wancan ya ja masa kibiya ya rubuta dalilin da ya sa ya fasa shi. Wato daidai abin da na ce miki ki nema a hannun ɗalibanki, shi ya miƙo mini ba wanda ya sa shi. Na ɗaga takardun na yage su, na ce a sake. Wasu iyaye har suka gyaɗa kai, suna cewa ga malamar da ba ta san ɗanta ba a kan gaskiya.

Ban tsaya nan ba. Ya turo injin a baro ya dawo da shi bayan gida, maƙwabta suka riƙa tsokanata, wai yaushe za su kawo gyaɗarsu a yi musu tunkuza. Kunya ta ishe ni. Da 'yan gwangwan suka biyo ta layinmu yana makaranta, na kira su na ce su kwashe. Da la'asar ya shigo riƙe da sabuwar raga mai manyan idanu, ban san inda ya samo ta ba, ya wuce bayan gida kai tsaye ko jaka bai ajiye ba. Ya daɗe can. Sannan ya dawo ya tsaya bakin rumfa ina taka keke. Ya ce, "Malama, ina injin?" Na ce na ba 'yan gwangwan, ya maida hankali ga karatunsa. Ya ce, "To, Malama." Ya jingina ragar jikin bango ya shiga ɗaki. Bai yi kuka ba, bai yi rashin kunya ba, kuma tun daga ranar bai sake karya umarnin da na ba shi a filin makaranta ba.

Da muka kaɗaice babanku ya ce mini, "Hajara, kara daban, wulakanci daban." Na ce masa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karin maganar gaskiya ce, ni ce na ɓuya a bayanta. Da yaron ya gama makaranta bai nemi jami'a ba, ya ce Kaduna zai tafi wurin masu ƙere-ƙere. Babanku ya sa masa albarka. Ni ina cikin ɗaki ina jin motsin jakarsa, kara ta hana ni fitowa in raka shi ko zaure.

Kada ki ɗauka na yi hankali daga nan. Bayan rasuwar babanku na je gaisuwa Mahuta, muka ratsa ta kasuwa ni da Asabe ɗiyar gwaggona. Muka tarar da mata sun yi layi da buhunan gyaɗa gaban wani inji, ɓawo yana fita ta gefe, ƙwaya tana zuba ta gaba. Na tsaya. Na matsa na sa hannu a cikin kwaryar wata mata na ɗebo, na baza a tafina, ƙwaya lafiyayya jajir, da ƙyar na ga fasasshiya. Mai injin ya ga ina dubawa ya ce, "Hajiya, aikin wani ɗan Zuru na, yana Kaduna. Kowa nashi yaka nema." Asabe ta zungure ni ta ce, "Ba ɗanki na ba?" Na ja mayafina na ce mu tafi rana tana yi. Ran Juma'a ya kira kamar kullum. Maganar tana bakina, na tsara ta tun a mota, na gyara ta na sake gyarawa ina jiran ta yi kyau. Ya ce, "Malama, ina wuni?" Na ce lafiya lau, ya iyali.

Ki ji ni da kyau a nan. Yabo ba a ajiye shi sai aiki ya kammala, don wani aikin rashin yabon ne zai hana shi kammala. In ɗalibi ya kawo miki na farko ya murƙushe gyaɗa, ki durƙusa tare da shi ki leƙa ƙarƙashin gangar. Ki faɗa masa abu guda da ya yi daidai, ki ambace shi da sunansa, kafin ki taɓo abin da ya ɓaci. Kuma kada ki jira sai kalmominki sun yi kyau, ki faɗe su yadda suka zo. Na ce miki ki yi kuskure a gabansu, ban ce ki yi a kansu ba. In kuwa kin yi, don sai kin yi, ki koma a ranar ki ce wa yaron kin yi ba daidai ba. Washegari maganar ta fi nauyi, bayan shekara kuwa ba ta ɗaguwa.

A kan yayanki na koyi zama uwa. Duk ɓarnar da zan yi a kansa na yi ta, ku na baya kuka sami uwar da aka riga aka gyara, mai wasa da ku, mai kiran sunanku, mai cusa takarda cikin daddawa. Ban sani ba na mai da shi takardar siminti, alhali shadda Allah ya ba ni. Wannan baƙin cikin da shi nake kwana, da shi nake tashi, kuma ya fi ciwon ƙodar ci mini rai. Ajin da za ki fara shiga su ma na farkonki ne. Ki tuna ba na gwaji ba ne, kowanne akwai uwar da ta aiko shi.

Yanzu ga aikena. A can ƙasan jakar tufafinki, ƙarƙashin zannuwanki, za ki ji wani abu mai nauyi nannaɗe cikin takardar siminti. Ragar nan ce. Tun ranar da ya jingina ta na ɗauke ta na sa a bayan kekena, duk wanda ya tambaya in ce ta tankaɗe ce. Ta yi tsatsa, na goge iya yina. Na rubuta sunansa a bayan ƙunshin da hannuna. Harafin farko ya karkace, na soke na sake, kuma na bar sokin yadda yake. In kin huta ki nemi shagonsa ki kai masa. Kada ki yi masa kuka, kada ki roƙe shi, kada ki tsorata shi da maganar likita, ba na son tausayi ya kawo shi. Ki ce masa dai na ga injinsa a kasuwar Mahuta, na ɗebi gyaɗar na duba, ta fito lafiya, kuma gaskiyarsa ce, ragar ce ta matse. Na san zai karɓa da hannu biyu ya tambaye ki, "Ya Malama?" Ki ce masa Malama ta yi ritaya tuntuni, Inna ce ta rage a gidan, kuma ɗakinsa a share yake. In ya yi shiru ki bar shi, kada ki matsa. Laka ba ta san sauri ba, ko da yake ni yanzu ina da dalilin yin sauri.

Ke kuma ki riƙe salla a kan lokacinta, ki gaida maƙwabtanki tun kafin ki buƙace su, ki daina wannan halin naki na shan shayi a madadin abinci. In za ki zo gida ki taso da sassafe, kada yamma ta same ki a hanya. Allah ya sa albarka a bakinki da allinki, ya ba ki ɗalibai masu jin magana da haƙurin zama da marasa ji, ya kare ki a fitarki da shigarki, ya haɗa ki da mutanen kirki. Allah ya jiƙan babanku. Allah ya nuna mini ku a tsakar gidan nan gaba ɗaya ina da sauran numfashi, in kuwa bai nufa ba, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.

Ni ce Innarku,
ke da Nasiru.